Ɗakin da Muka Buɗe wa Sama

Ni mutum ne mai zumuɗi, ban kuwa taɓa ɓoye wa kowa ba. In na ga sabon abu a gidan wani, hankalina ba ya kwanciya sai na kwatanta shi a nawa. Matata takan ce ranar da na ga kwalekwale a ƙofar wani, za ta fito ta iske ina haƙa gulbi a tsakar gida. Sana'ata gyaran injin ban-ruwa, ita ke yawo da ni daga fadamar Wurno har Taloka da Kagara, saboda haka idona ba ya rasa abin kwaɗayi.

Shekarar da gwiwoyin Inna suka ƙi ɗaukarta, ni na je Tursa na taho da ita. Ni ne autanta, yayyena duk suna nesa wurin aiki. Ɗakinta na can kuwa na ƙasa ne, ya tsage daga sama har gindi, gara ta cinye rabin azarar rufin. Kafin ta zo sai da na gina mata ɗaki a gidana na bakin gari, inda tudun Wurno ke gangarawa fadama. Ɗaki nake gaya maka, ba wasa ba: bulo, kwano, silin fari tas, tayil mai sheƙi har kana ganin fuskarka a ciki, ga fanka mai aiki da hasken rana. Ranar da ta shiga na tsaya bakin ƙofa ina jiran yabo, baki har kunne. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta ƙwanƙwasa tayil ɗin da sandarta.

"Allah shi yi albarka, Auta," ta ce. "Asibiti na?"

Na yi dariya, don ni da Inna ba mu rabuwa da tsokana. Tun ina yaro haka muke, ta jefa min magana in mayar mata. Na ce mata in asibiti ne to ni ne likita, ta kwanta a yi mata allura. Ta harare ni, aka shimfiɗa mata katifa a kan gadon, na fita ina jin babu ɗan da ya kai ni.

Amma Inna ta fara ramewa. Ba ciwo ba ne, don na kai ta an duba, an ce ban da gwiwa lafiyarta lau. Tuwo sai ta ɗan taɓa ta ture. Fura, wadda a Tursa take damawa da kanta ta sha har ta ba maƙwabta, yanzu sai ta kurɓa sau ɗaya ta rufe da faifai. Goro ma ta bari, Inna da goro ba ya barin bakinta tun kafin a haife ni. Tsokanar ta ragu. In na jefa mata magana sai ta yi murmushi kawai, ni kuwa wannan murmushin ya fi komai tsorata ni.

Ana tsakiyar bazara Kawu ya zo duba ta. Ƙanenta ne, shi ya rage mata a Tursa, dattijo ne marar yawan magana. Sun daɗe a ɗaki su biyu. Da ya fito ya ja ni zaure.

"Auta, ba ni cewa ka gaza," ya ce. "Amma matag ga ramewa takai. Ta ce mani gida taka so. In ruwa ya zauna anka gama noman hwari, ina zowa da mota in ɗauke ta."

"Kawu, ɗakin can ba shi kai ƙarshen damana."

"Ita ma in ta zauna haka ba ta kai."

Ya sa takalmansa ya tafi. Na daɗe zaune a zauren. Tsoro biyu ya kama ni: in ta tafi, za ta kwana a ƙarƙashin rufin da ni na san ba zai ɗauki ruwan bana ba, nesa da magani, nesa da ni. In ta zauna kuwa, ga abin da Kawu ya faɗa. Ban da wannan akwai kunyar da ba na son tunawa, a ce uwa ta gudu daga gidan autanta.

Ana cikin haka aka kira ni gyara a Goronyo, a lambun wani babban manomi kusa da madatsar ruwa. Na gama da injin, ya ce in shiga ɗakin hutunsa in sha ruwan sanyi. Ina shiga na tsaya cik. Bango guda na ɗakin gilashi ne tun daga ƙasa har sama. Kana zaune a ciki, amma ga ruwa shimfiɗe a gabanka, ga balbelu, ga masunta suna jan taru. Na manta da ruwan sanyin. Na ce a raina ai ga ciwon Inna nan, ga kuma maganinsa. Matar da ta tashi a bakin gulbi, na kulle ta a cikin bango huɗu, ba ta ganin ko ganye ɗaya. Yadda na tuƙo babur daga Goronyo zuwa Wurno ranar nan, Allah ne kawai ya kiyaye awakin hanya.

Ban kwana da maganar ba sai da na samo magini. Aka fitar da Inna rumfa, aka fasa bangon da ke kallon fadama, aka dasa taga wadda raƙumi zai iya leƙowa da kai da wuya. Abin ya yi kyau, wannan ba na janyewa. Daga cikin ɗaki kana hango shinkafar rani kore shar, da layin mangwaro, da hayaƙin injinan da ni na gyara. Na goge gilashin da hannun rigata, na shigo da Inna a hankali, na zaunar da ita, na ja gefe kamar mai buɗe kayan lefe.

Ta duba. Daidai lokacin wani mai jaki ya gangaro ta hanyar fadama, ya ɗaga kai, suka haɗa ido.

"Auta," ta ce, "mi niy yi maka da za ka baje ni awa kayan kasuwa? Dut mai tahiya hwadama shi leƙo shi ga tsohuwa kwance?"

Kafin la'asar ta sa matata ta rataya zane a tagar, zane mai kauri kuwa, har biyu. Ɗakin ya fi da duhu. Maƙwabcina da ya ga tagar daga waje ya tambaye ni ko shago zan buɗe.

Na wuni ina huci. Da yamma ina tsakar gida ina wanke wani ƙarfen inji da fetur, ina ta mita ni kaɗai, sai matata ta ajiye muciya ta zo ta tsaya a kaina.

"Maigida, kai in inji yay yi tari daga nesa ka san ciwonai," ta ce. "Ka taɓa duba robar alwalar Inna?"

Robar da take nufi wata babbar roba ce da muka ajiye a gefen gado. Zagayawa Inna na iya yi da sanda, tana dafa bango, amma tsugunno don alwala ya fi ƙarfinta, kuma tayil in ya jiƙe santsi gare shi. Shi ya sa take yin alwala a bakin gado, ruwan ya zuba a roba, matata ta ɗauka ta zubar.

"Mi ya samu roba?" na ce.

"Busassa taka wuni. Alwala guda Inna ka riƙewa tun azahar hal lisha. Shi as sa ba ta shan ruwa, shi as sa tab bar goro, don ba ta da inda za ta tohwa. Dut sa'ad da niz zo ɗaukar robag ga, sai ta juya huska ga bango ta ce in yi haƙuri. Jiya iske ta niy yi tana tura ta da sanda, wai ta kai waje da kanta."

"Ke ba ki ce mata ba komi ba?"

"Na ce, hab bakina ya gaji. Ta ce ɗiyar mutane ba ta zo gidan ga kwasar miyaunta ba."

Na ji tausayin Inna har idona ya kawo ruwa, na ji tausayin matata da ta daɗe tana ɗauke da wannan ita kaɗai. Kunyar suruka ce ke cinye min uwa a hankali, a cikin ɗakin da nake taƙama da shi. Sai wata tambaya ta zo min: to a Tursa fa, da gwiwar ta fara tsanani, wa ke ɗaukar mata roba?

Da safe na hau babur na nufi Tursa. Na gaida Kawu a tsaitsaye, na karɓi makulli, na buɗe tsohon ɗakin. Gadon ƙarfenta na nan. Na zauna a bakinsa daidai inda take zama, na dubi gabana. Ashe a kusurwar nan, ta hannun dama, ba a taɓa yin daɓe ba. Ƙasa ce tsurarta, ta ɗan lotsa saboda shekarun zuba ruwa. A gindin bango akwai 'yar kafa da ruwa ke bi ya fita. Sama da ita ga wata ƙaramar taga, can kusa da rufi, wadda ba mai leƙowa ta cikinta sai rana, hasken kuwa yana sauka daidai kan kusurwar. Na zagaya bayan ɗakin na ga inda ruwan ke fita: bishiyar lalle ce tsaye, ta fi ni tsawo. Na sha wucewa ta gabanta ban taɓa tambayar wa ke ba ta ruwa ba.

Nan take abin ya faɗo min gaba ɗaya, har da yadda zan yi rufin. Na yi kabbara da ƙarfi har kajin Kawu suka watse. Na ari shebur da buhuna, na ɗebi ƙasar kusurwar da ta gindin lallen, na ɗaure a bayan babur har tayar baya ta kwanta. Kawu na tsaye yana kallona.

"Ƙasa kuma za ka kai Wurno? Ta ƙare can?"

"Irin wagga ta ƙare, Kawu."

Maginin da ya sa min taga, da na gaya masa abin da nake so, sai ya cire hula ya sosa kai. Na ce a ɓamɓare tayil na kusurwar da ke gefen gado, faɗin kamar tabarma, a fasa simintin ƙasa har sai an kai ga ƙasar Allah. A ɗan ɗaga baki kewaye da wurin don kada ruwa ya hau. A huda gindin bango a sa bututu. Sannan a yanke silin da kwano na saman wurin, rana ta shigo ta busar da shi, in ba haka ba ɗakin zai yi wari.

"Ruwan sama hwa?" ya ce. "Cikin ɗaki za shi zuba."

"Shi nika so."

"Bara kar rufe, bana ka buɗe. To baɗi mi za mu yi?"

Na ce masa baɗi ta zo tukuna. Aka sake fitar da Inna rumfa. Ba ta tambayi komai ba, ta dai ce wa matata Auta ya tashi da aljanunsa, a kawar da tukwane daga hanya. Ni kuwa kwanakin nan ko abinci a tsaye nake ci. Ina sama wurin kafinta, ina ƙasa wurin magini, ina ba da umurnin da ba wanda ya nema. Bakin ramin sama muka rufe shi da ragar waya saboda sauro da ƙadangaru. Na ƙera marfi da ragowar kwano, na ɗora shi a kan ƙarafan wani mataccen inji, na sa masa igiya ta sauko har bakin gado, in an ja ya rufe, in an saki ya buɗe. Na ja igiyar nan na saki ban san iyaka ba, har kafinta ya ce in bari kada ta tsinke kafin mai ɗaki ta gani. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo. Wani dattijo ya ce shi dai tunda yake bai taɓa ganin wanda ya huda rufinsa da hankalinsa ba, ana jibi damina.

Da aka gama na juye ƙasar Tursa a ramin, na baje ta da hannu. Muka shigo da Inna da hantsi. Wannan karon ban yi baki har kunne ba. Rana ta sauko ta ragar, ta kwanta a kan ƙasar. Inna ta zauna a bakin gado. Ta daɗe tana kallon wurin. Sai ta zare ƙafarta daga takalmi, ta miƙa ta a hankali, ta ɗora tafin a kan ƙasar, ta murza.

"Wagga ba ta Wurno ba ta," ta ce.

"Ta ɗakinki ta, Inna."

Ba ta dube ni ba. Ta ce a miƙo mata buta. Lokacin salla bai yi ba, ko kusa, amma ta yi alwala cikakkiya, ba gaggawa, ruwan na zuba ƙasa na shanyewa. Ta kurkure baki ta furzar son ranta. Da ta gama ta juya wajen matata ta ce, "Ke, ba sauran hura?" Matata ta fita da gudu, ni kuma na sulale waje, don ba na son su ga fuskata.

Ruwan farko ya zo da la'asar. Ina gyara a fadama na ga hadari ya haɗo daga gabas, na bar injin a buɗe, na bar mai injin yana kirana. Ina shiga gida ruwa na saukowa. Na faɗa ɗakin Inna na kama igiya zan ja marfi, sai ta make min hannu da mafici.

"Kai, bari! Wa yac ce ka rufe?"

Ruwan sama na zuba a cikin ɗaki, a kusurwarsa, a kan ƙasarsa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin. Inna ta miƙa hannu ta tara, ta shafa a fuska. Ni kuwa ina tsalle a tsakiyar ɗaki ina kiran matata ta zo ta gani, har da cewa duk Wurno ba mai irin wannan. Ina cikin cika bakin nan bututun ya toshe da laka. Ruwa ya cika ramin, ya haye bakin, ya malalo kan tayil. Matata ta ɗauko tsintsiya, ni na fita cikin ruwa da sandar Inna ina zungurar bututu daga waje, na dawo da gudu, santsi ya kwashe ni na zauna daɓas. Inna ta naɗe ƙafafu a kan gado tana dariya har da tari, tana cewa a bar likita ya sha wanka. Rabona da jin wannan dariyar tun tana Tursa. Washegari na sa bututu mai faɗi.

Ba a jima ba ƙasar ta fara magana. Ba wanda ya shuka komai, irin da ke kwance a cikinta ne ya ji ruwa ya tashi. Wasu 'yan ganye suka leƙo, ni duk ciyawa na ɗauke su, amma Inna ta san kowa da sunansa. Wannan lalo ne, wannan rama, wancan ciyawar banza ce a cire. Da sandarta take nunawa, matata na cirewa. Ban taɓa jin ta ce a yi haƙuri ba a kan wannan aikin, faɗa ma take yi in an taka mata tsiro. Goro ya dawo. Buta ta koma ƙarewa kafin azahar. Har zanen taga ta sa aka ɗage gefe ɗaya, wai lalonta na son haske, amma da sharaɗin a saya min kunya in daina tsayawa a waje ina nuna wa mutane.

Duk da haka ban saki jiki ba, don ba ta ce ta fasa tafiya ba, ni kuma ban iya tambaya ba. Ruwa ya zauna. Aka gama noman fari. Wata safiya na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, na leƙa na ga Kawu, har ya sa an shimfiɗa katifa a bayan motar saboda gwiwar Inna. Na yi masa iso, na biyo shi ɗakin, na tsaya bakin ƙofa.

Suka gaisa. Kawu ya dubi ramin sama, ya dubi lalo da ya kai gwiwa a gefen gado, ya dubi yayarsa da goro ya rina wa baki. Ya yi gyaran murya.

"Yaya, na zo kamar yadda munka yi. Mota na waje."

Inna ta jawo faifai. Ta sunkuya ta fara tsinkar lalo, ganye bayan ganye, tana tarawa a faifai, mu duka muna tsaye muna kallonta. Sai da faifan ya cika ta juye a leda ta ƙulle, ta miƙa masa.

"Ka kai ma matarka ta yi muku miya. Ka ce mata na ɗakina na."

Kawu ya karɓa, ya tsaya da leda a hannu. Ita kuwa ta riga ta juyo kaina, ta ɗaga sanda ta ƙwanƙwasa layin tayil da ke bin bakin ƙasar, wanda na fi so, mai zanen fure.

"Auta, gobe ka kira maginin nan shi hwashe min wanga layi. Guro nika son shukawa, in samu kuɓewar miya, wurin ya yi kaɗan."

Ban jira gobe ba. Kafin motar Kawu ta fita unguwa na ɗauko guduma.